Waken Inna da Simintin Alhaji Haruna

Duk abin da zan manta a aikin nan, ban taɓa mantawa da safiyar Litinin ɗin da na isa ƙofar gidan Alhaji Haruna a unguwar Jamaica ta New York ba. Takardar neman izinin yin daɓe tana hannuna, ofis bai ma amsa ba tukuna, na tarar an riga an zuba simintin, har ya bushe, har an rubuta Masha Allah a gefensa da ƙusa.

Bari in koma baya, saboda ku da kuka shigo kamfanin nan bana. Kun san ni da Malam Sabo foman, mai faɗa a kan igiya da awo. A Fagge na koyi gini, a hannun mutanen da ba sa maimaita magana. Da na zo New York sai na tarar aikin yana da matakai. Oga Issaka, mutumin zangon Kumasi, shi ke da kamfani kuma shi ke da lasisi, duk abin da ya lalace sunansa ake kira. Akwai mai zane, wanda yake zana yadda wuri zai kasance ya kai ofishin kula da gine-gine na birni a sa hannu. Sai foman, wato ni, mai tabbatar da cewa abin da ke takarda shi ne a ƙasa. Sai ku, masu shebur da baro da yawan duba waya.

A unguwannin ƙananan gidaje irin Jamaica, doka ta ce abu biyu game da ɗan filin da ke gaban gida. Na farko, ba a shafe shi duka. Dole a bar wani kaso da shuka mai rai, yawansa ya danganta da faɗin fulotin. Na biyu, ruwan da ya sauka a gidanka ba za ka tura shi kan hanyar masu tafiya a ƙasa ba, ba kuma za ka tura wa maƙwabci ba. Dalilin a fili yake. Magudanun birni suna cika da an yi ruwa mai ƙarfi, kusan kowane gida yana da ɗakin ƙarƙashin ƙasa da ake cewa besmen, sannan in sanyi ya zo, ruwan da ka saki a hanya ƙanƙara yake zama, ya karya ƙugun wani ka shiga uku.

To, Alhaji Haruna mutumin Tawa ne ta Nijar, yana da shagon turare da huluna a titin 125 a Harlem. A watan Afrilu ya kira mu, a shekarar da Babbar Sallah ta faɗo ƙarshen Yuni. Filin nasa bai wuce shimfiɗar tabarma huɗu ba, ciyawa ce a kai da wata 'yar katanga iya gwiwa a bakin hanya. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi mutanen Kano ɗaya bayan ɗaya kamar ya san su, sannan ya nuna wurin da carbinsa.

Ya ce, “Malam Sabo, wurin ga nika so ka shafe mini duka da siminti. Daga bango har katanga. Ko tsinken haki kar in gani.”

Na ce, “Ruwan sama fa, Alhaji?”

Ya ce, “Ka huda rariya gindin katanga, shi hita titi, yadda kowa ka yi.”

Kun san a gida haka ne. Ka karkata tsakar gida, ka fasa rariya, ruwa ya fita lungu, rana ta fito ta shanye, magana ta ƙare. Na yi masa bayanin dokar nan biyu a tsanake. Ya saurare ni har ƙarshe, don mutum ne mai ladabi, sannan ya ɗaga hannu sama.

Ya ce, “Ruwan ga ni na aiko shi? Na Allah ne.”

Na ce, “Alhaji, a garin nan muddin yana sama na Allah ne. Da ya taɓa rufinka ya zama naka, har da takarda.”

Bai yi dariya ba. Ya ja ni gefe, ya rage murya, ya nuna mini tagar falo da haɓa. Wata tsohuwa ce zaune a bayan gilashi, ta lulluɓe da mayafi, tana kallon titi. Mahaifiyarsa ce, kowa Inna yake ce mata. Ciwon ƙoda ya sa ya ɗauko ta daga ƙauye, ana kai ta asibiti wankin ƙoda a kai a kai. Jikin ya yi sauƙi, amma ta ce ta gaji. Ta ce da an yi Babbar Sallah a mayar da ita gida. Har ta sa an ɗaure mata akwatuna an ajiye a besmen. Ƙauyensu kuwa ko wutar lantarki sai an yi sa'a, balle na'urar wankin ƙoda. Likita ya gaya wa Alhaji gaskiya ba kwana-kwana: in ta tafi, makonni ne.

Ya ce, “Ta ce ta gaji da ɗaki. In na yi mata tsakar gida mai kyau, ta hito ta sha iska, za ta zamna.”

Na ce, “Ita ta ce siminti take so?”

Ya dube ni kamar na ce ya mare ta. “In tambaye ta? Ni?”

Sai na gane. Alhaji ɗan fari ne. Ku yaran da aka haifa a nan ba ku san wannan ba, ku da kuke kiran iyayenku daga bene kuna tambayar ina cajar waya. A wajensu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta hira da shi, ba ta ma kallon fuskarsa sosai. Alhaji ya haura hamsin, gemunsa ya yi furfura, bai taɓa zama ya ce mata “Inna, me kike so?” ba. Duk magana ta bakin matarsa take bi, ta je a taƙaice ta dawo a taƙaice. Shi kuwa a lissafinsa siminti shi ne girmamawa, don ranar da ya fara samun abin hannu, abin da ya fara yi shi ne daɓe mata tsakar gida a ƙauye, gari duka aka zo kallo. Wallahi ya ba ni tausayi, amma tausayi ba ya sa hannu a takarda.

Na yi abin da aka saba. Na auna wurin. Na kira masu zuwa su shafa fenti inda bututun gas da na ruwa suka bi, don kada diga ta gaisa da su. Na haƙa ɗan rami na zuba ruwa in ga saurin da ƙasa take sha. A wannan yankin ruwan ƙarƙashin ƙasa yana kusa, saboda haka ramin tsotse ruwa mai zurfi ba zai yi ba, da kansa zai cika. Muka tsara da mai zane: a shimfiɗa intalok, wato bulon daɓe mai shan ruwa, a kan tsakuwa, a bar ƙasa a gefe ɗaya a ɗan zurfafa ta kamar kwano, a karkato bututun indararo ya riƙa zuba a ciki. Aka kai zane ofis, muka shiga jira.

Alhaji bai iya jira ba. Kullum sai ya kira, safe da yamma. “Bon, Malam Sabo, takardar ga?” In ce tana tafe. Ya ce Sallah ma tana tafe. Ranar nan ya ce, me zai hana mu zo ranar Lahadi, tunda ma'aikatan gwamnati ba sa aiki? Na ce ma'aikata ba sa aiki, amma maƙwabta suna yi, kuma kowa da waya a hannunsa.

Ashe ya yanke shawara. Wata Lahadi a watan Mayu ya kira gayya. 'Yan ƙungiyar garinsu suka zo, masu shaguna da direbobin tasi, kowa ya naɗe wando. Aka sayo siminti na buhu, aka dama fura, aka kawo kilishi. Akwai wani a cikinsu da ya taɓa yin leburanci a Agadas, shi aka naɗa injiniya. Kafin la'asar sun gama, sun yi addu'a, sun watse.

Shi ne abin da na tarar ranar Litinin. Kuma kada in ci haƙƙinsu, aikin ya yi sumul. Sun rufe ramin gwajina, sun rufe fentin masu gas, sun fasa rariya a gindin katanga daidai yadda kakanninmu suke yi. Sai dai da ido suka yi awo, ido kuwa ba ya ganin inci ɗaya. Na ɗora ma'auni, na ga tsakiyar daɓen ya yi ciki, cikin kuma ya karkata wajen matakalar da ke sauka besmen. Bututun indararo da a da yake zuba a ciyawa, yanzu a kan siminti yake zuba. Bakin rariyar kuma daidai yake da hanya, ba tudu ko na yatsa.

Alhaji ya fito yana murmushi. “Yaya ka gani?”

Na ce, “Ya yi kyau, Alhaji. Ranar fasawa ka kira ni, ina da injin.”

Da na gaya wa Oga Issaka, ko ɗago kai bai yi daga shayinsa ba. Ya ce, “Bar shi. Ruwa zai zo ya duba mishi aikin kyauta.” Ya sa aka sanar da ofis cewa ba hannunmu a ciki, don lasisi ba ya son wasa.

An shimfiɗa wa Inna darduma a kan sabon daɓen, an kafa mata lema, an kawo kujera. Ta fito sau ɗaya. Matar Alhaji ce ta ba ni labari daga baya. Wai ta tsaya, ta ƙwanƙwasa simintin da sandarta, ta ƙwanƙwasa wani gefen, ta ce Allah ya yi albarka, ta koma bayan taga. Alhaji ya ce kunya ce, za ta saba.

A farkon Yuni, da rana tsaka, aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Layin nasu kwari ne, nan da nan titi ya cika ya hau kan hanya. Abin da Alhaji da injiniyansa ba su lissafa ba shi ne rariya ba ta da ɗan sanda. Yadda take fitar da ruwa haka take shigo da shi. Ruwan titi ya shigo, ya haɗu da na rufi, suka gaisa, suka duba babu ƙasar da za su shiga, sai suka bi matakala. Rabi ya sauka besmen ɗin Alhaji, rabi ya tsallaka ya sauka na maƙwabciyarsa, wata tsohuwar nas 'yar tsibiran Karibiyan da ta yi ritaya. Ta ce tun da ta sayi gidan ba ta taɓa ganin ruwa a ɗakinta ba. Ba ta yi hayaniya ba, baiwar Allah. Waya kawai ta ɗaga.

Bayan 'yan kwanaki sufeto ta zo, wata mata mai gilashi da ba ta ɓata kalma. Alhaji ya roƙe ni in zo in tsaya masa, na je. Ta zagaya, ta ɗauki hoto, ta leƙa rariya, ta tambaya ina izinin aikin. Babu. Ta tambaya ina shukar da doka ta ce a bari. Alhaji ya ce a ba shi minti ɗaya. Ya shiga falo, ya fito rungume da wata tukunyar fure, ya ajiye a tsakiyar simintin, ya ja da baya. Sufeto ta sunkuya, ta shafa ganyen, ta dubi yatsunta. Na roba ne. Ta ci gaba da rubutu.

Takardar da ta bari ta ce a mayar da shuka, a gyara hanyar ruwa, a kawo shaida kafin ranar sauraron ƙara. Saura 'yan makonni Sallah. Alhaji ya zauna a kan matakala, ya cire hula ya riƙe. Ba turaren shagonsa da ya jiƙe a besmen ne ya dame shi ba, ba tarar da za a ci shi ba ce. Ya ce, “Malam Sabo, na kashe ta ke nan. In an fasa daɓen ga, Inna gida za ta.” Na ce ya daina wannan magana, rai na Allah ne. 

Washegari muka zo da injin fasa kankare. Aikin gayya ne, bai yi kauri ba, yana tashi kamar ƙanzo. Wasu suna fasa, wasu suna taya fitar da jiƙaƙƙun kaya daga besmen. Aka fito da kwalayen huluna, aka fito da akwatunan Inna suna ɗigar ruwa. Sai aka fito da wani ƙaramin buhun wake da aka saya don ƙosai da alala na Sallah. Ya kwana a jiƙe kwanaki, ga ɗumi, sai ya tsiro. Fararen saiwoyi sun huda buhun ta ko'ina. Na ce a jefa a motar shara.

“Kai Bakano! Aje.”

Na waiga. Inna ce a bakin ƙofa, sanda a hannu ɗaya, ɗaya hannun da bandejin asibiti. Ranar na fara jin muryarta, kuma ba muryar mara lafiya ba ce. Na durƙusa na gaishe ta. Na ce, “Inna, ruwan titi ya taɓa shi, ba ya ciwuwa.”

Ta ce, “Wa ya ce maka ci za a yi? Abin da ya tsiro ba a zubdawa. Rai gare shi.”

Ta sauko matakala a hankali, ba ta yarda an riƙe ta ba. Ta tsaya inda muka ɗaga simintin, ta daɗe tana kallon ƙasar. Sai ta sunkuya ta damƙi kaɗan, ta murza, ta kai hanci.

Na ce, “Inna, ai da ma ƙasa ce a nan. Kafin siminti ciyawa ce.”

Ta ce, “Na gani. Na ga mutum na zuwa da inji shina aske ta awa kan yaro, shi kwashe, ba a ba akuya, ba a ba tunkiya. Na ce to, wagga ta gwamnati ce, ba a taɓawa.”

Leburori suka kashe inji. Alhaji yana tsaye bai fi taku biyu da ita ba, ya ɗaga kai yana nazarin wayar lantarki. Ni dai na ga ba ɗan farinta ba ne ni, ba abin da zai same ni. Na ce, “Inna, in da za a bar miki wurin nan, me kike so a yi da shi?”

Ta dube ni sama da ƙasa. Ta ce, “Wata nawa ina gidan ga, sai yau wani ya tambaya.” Sannan ta nuna da sanda. “Ka ce ma wancan, dutse ya ishe ni. Asibiti dutse, hanya dutse, gida dutse. Shi bar mini nan zuwa can.”

Na juya na ce, “Alhaji, Inna ta ce a bar mata nan zuwa can.”

Ya ce, “Ka ce mata to.”

Na juya na ce, “Inna, ya ce to.”

Haka na yini ina kai saƙo tsakanin mutum biyu da numfashinsu yake taɓa juna. Ba a koya mini wannan a Fagge ba, kuma ba ya cikin lasisin Oga.

Na kira mai zane na tambaye shi, shin dole ciyawa ce? Ya ce doka shuka mai rai ta ce, ba ta ce wacce ba. Aka sake zane. Tun da na fara aikin nan, kullum faɗana da masu gida shi ne a rage ƙasa a ƙara daɓe. Ranar ce ta farko da na kai zanen da ƙasarsa ta ninka abin da doka ta nema. Intalok ya koma 'yar hanya daga ƙofa zuwa titi da wurin ajiye kujera ɗaya.

Mayar da ƙasa ba ya buƙatar jira, tunda shi takardar sufeto ta umarta. Muka toshe rariya. Muka kwashe tsohuwar ƙasar saman, don ƙasar tsofaffin gidajen nan takan haɗu da gurɓataccen fenti, muka kawo sabuwa baƙa wuluk. Na sa aka zurfafa wurin kamar kwano yadda aka zana. Inna tana kan kujera tana kallo. Ta ce kwanon ya yi, haka ake tare ruwa a gonakin Tawa, amma wake ba ya son zama da ƙafa a ruwa, a ja mata kunyar shuka a ciki. Na duba zane, bai hana kunya ba. Muka ja. Ruwa ya samu kwarinsa, wake ya samu tudunsa. Ita ta riƙa zaɓo masu ƙarfi daga buhun tana miƙawa, tana zagin duk wanda ya karya saiwa. Wani ƙato a cikinku da ke zaune a nan ya sha “ragon banza” a ranar, ba zan faɗi suna ba.

Izini ya fito, muka shimfiɗa tsakuwa da intalok muna takatsantsan da wake kamar muna aiki kusa da bututun gas. Sallah ta zo. Alhaji yana ta jiran a ce masa a sayi tikiti. Da yamma saƙo ya zo ta bakin matarsa: Inna ta ce wa zai yi wa wake noma in ta tafi? A bari sai kaka.

A watan Yuli aka sake yin ruwa mai ƙarfi. Na bar abin da nake yi na tuƙa zuwa Jamaica, don magini ba ya sanin aikinsa sai a irin wannan rana. Na tsaya da lema. Indararo yana zuba a kwarin kunya, ruwa ya taru ya yi kamar zai cika, sannan ya fara sauka a hankali. Intalok yana sha. Matakalar besmen a bushe, ta maƙwabciya ma haka. Inna tana bakin ƙofa tana kallo, ta ce mini wannan ruwan da a Tawa ya sauka da an yi sadaka. Sufeto ta dawo daga baya, ta duba, ta shafa ganyen wake, ta dubi yatsunta. Wannan karon da ƙasa a jiki. Ta sa hannu.

Da na ɗauka aikina ya ƙare. Sai a ƙarshen Satumba waya ta yi ƙara. Alhaji ne. An cire wake, ya cika kwano ɗaya, an yi alala an raba wa maƙwabta. Kuma Inna ta fara tambayar ko akwatunanta sun bushe.

Ya ce, “Malam Sabo, babu wani abin da za a sake fasawa?”

Na ce babu, in muka ƙara fasa wani abu gidan ne zai faɗi. Amma na ce ya ba ni kwana biyu.

Kun tuna maƙwabciyar nan da ta kira hukuma? A tsakanin nan sun ƙulla zumunci da Inna ta saman shinge, ba mai jin yaren wani, sai nuni da miƙa ganye. Ita ma tana da ɗan lambu. Ita na je na tambaya, shin akwai abin da ake shukawa a garin nan in sanyi ya kusa? Ta ce tafarnuwa. A binne ta a watan Oktoba, ƙanƙara ta rufe ta, ta kwana a ƙasa duk sanyi, ba a tonowa sai tsakiyar bazarar baɗi. Na yi mata godiya irin wadda ban taɓa yi wa wanda ya kai ƙarar abokin cinikina ba.

Na sayi tafarnuwa ta iri, na kai ranar wata Asabar. Inna tana kujerarta a kan intalok, ta sa rigar sanyi a kan zane. Alhaji yana gefe cikin farar shadda, zai tafi ɗaurin aure. Na durƙusa na ajiye ledar a gabanta, na yi bayani.

Ta ɗauki ɗaya tana juyawa. “Yaushe ta ka nuna?”

Na ce, “Watan bakwai na baɗi, Inna.”

Ta ƙirga da yatsu. “Lokacin wake ya riga ya shiga ƙasa.”

Na ce, “Haka ne.”

“In an cire wake kuma, lokacin wagga ya dawo.”

Na ce, “Haka abin ya zo, Inna.”

Ta ce, “Kai da wancan bakinku ɗaya. Kun ɗauka tsufa hauka ne?”

Na ce, “Ni doka nake bi, Inna. Ba a barin wurin nan babu shuka.”

Ta daɗe tana kallona, har na fara tunanin sandar nan a kaina za ta sauka. Sai ta fara ɓare tafarnuwar, tana tara 'ya'yan a cinyarta. Ta ce, “Ka ce a kwance akwatunan ga, kar asu shi ci mini kaya.” Na buɗe baki zan isar da saƙo, sai ta ɗaga mini hannu. Ba ta dube shi ba, ƙasa take kallo, amma ba da ni take ba. Ta ce, “Kai. Zo ka huda mini ramu, bayana ba shi lanƙwasuwa.”

Alhaji ya waiga bayansa ya ga ko akwai wani. Babu kowa. Ya cire takalmi, ya shiga kunya da farar shaddarsa, ya durƙusa. Tana miƙa masa, yana binnewa, tana ce masa ya juya kan sama, wane irin ɗan manomi ne wannan. Ɗaurin auren dai ba da shi aka yi ba. Can na ga yana share ido da hannun riga. Ya ga na gani, sai ya ce tafarnuwar ce. Albasa ce ke sa hawaye, ba tafarnuwa ba, amma ban gyara masa ba.

Shi ya sa kuke ganin in mun je awo nake ɓata muku lokaci da gaishe-gaishe da leƙen taga. Tambaya biyu ce a aikin nan: ina ruwa zai bi, kuma wa zai zauna a wurin. Ta farko, ko kun manta, sufeto za ta tuna muku, in ba ta zo ba ruwa zai zo. Ta biyu babu ofishin da zai tambaye ku, kuma sau da yawa wanda ya kira ku ba shi ne mai amsar ba, don mutanenmu sun fi iya zuba wa iyayensu siminti a kan su yi musu tambaya ɗaya. Inna tana nan, ana kai ta asibiti ana dawo da ita. Makon jiya ta aiko a gaya mini intalok ɗin ya yi yawa, in zo in ɗebe mata layi biyu, kuɓewa take so ta gwada.